Abin da Baka Ya Koya wa Yaron Yecheon

Iyaye da malaman makaranta, yau da ku nake, sai a matso kusa da akwatin rediyo. Tafiyarmu mai nisa ce, za mu je Koriya ta Kudu, wata ƙaramar gunduma ta manoma da ake kira Yecheon, mu bi sawun wani yaro tun daga aji uku na firamare har ya zama mutum. Sunansa Kim Je-deok, an haife shi a watan Afrilun 2004. Abin da ya raine shi baya ga gida, kwari da baka ne.

Na san da jin kwari da baka hankalin wasu ya tafi kan maharba da 'yan farauta. To a can, wasa ne na makaranta, yana da malaminsa da filinsa da gasarsa, tun daga firamare har jami'a. Yecheon kuwa ta daɗe da yin suna a kansa. 'Yar garin ce Kim Jin-ho, wadda tana ɗalibar sakandare ta je gasar duniya a Balin a 1979 ta kwaso zinare biyar. Babban filin harbin da ke gundumar yau sunanta aka sa masa. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa baka yana iya kai mutum wani wuri.

A 2013 ya fara, yana ɗan shekara tara. Ba wani buri ne ya kai shi ba. Ana neman yaran da za su shiga ƙungiyar harbi ta makaranta, abokinsa ya zuga shi, shi kuwa ya ɗaga hannu. Kakarsa ce ta ɗauki nauyin rainonsa, mahaifinsa kuma ya yi fama da rashin lafiya. Ba gidan da aka shimfiɗa wa yaro hanya ba ne.

Mai sauraro, ka san abin da ake fara ba yaro in ya shiga irin wannan ƙungiya? Ba a ba shi baka. Sai ya shafe watanni yana koyon tsayuwa. Ina ƙafa za ta zauna, yaya kafaɗa za ta sauka, ina gwiwar hannu za ta kalla. Zai ɗaga hannu ba komai a ciki, ya ja iska, ya saki iska. Daga nan a ba shi roba ya riƙa ja a gaban madubi, malami na tsaye yana gyara masa. Sai jiki ya haddace motsin tukuna a miƙa masa baka marar nauyi, a tsayar da shi kusa da allo. Dalilinsu a fili yake: in yaro ya fara harbi da wuri, idonsa na kan inda kibiya ta faɗa, zai ƙirƙiro dabarar da za ta kai ta tsakiya ko ta wace karkatacciyar hanya, kuma karkatar nan za ta bi shi har girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sun ɗauki maganar da gaske.

Sai dokar fili. A gasar harbi, usur ne ke mulki. In an busa sau biyu, maharba su tako kan layi. Sau ɗaya, a fara harbi. Sau uku, a ajiye baka a je ciro kibau. In aka busa sau biyar ko fiye, kowa ya tsaya cak ko da ya ja tsarkiya har haɓa, domin akwai haɗari a gaba. Ɗan shekara tara da aka damƙa wa makami, darasinsa na farko shi ne akwai lokacin da ba shi da ikon sakinsa, komai son ransa. Ni dai ban san wani darasin tarbiyya da ya fi wannan shiga jiki ba.

Bari in tsaya kan harbi ɗaya tak, domin a nan dukan maganar take. Manya suna harbi ne daga mita 70. Allon yana da faɗin santimita 122, an zana masa da'irori goma, ta tsakiya mai maki goma faɗinta santimita 12.2 kacal, kusan girman tafin hannu. Yaran firamare ana matso musu da shi, mita 20 zuwa 35. Maharbi zai ɗana kibiya, ya ɗaga baka, ya ja tsarkiya har ta taɓa hancinsa da leɓensa, hannunsa ya sami mazauni a ƙarƙashin haɓa. Nauyin da babban namiji ke riƙewa da yatsu uku a wannan lokaci yana kai kilo 20. A jikin bakan akwai wani siririn ƙarfe da ke kwance a kan kibiya. In an ja ta ta kai daidai tsawon da aka saba, sai kanta ya zame daga ƙarƙashinsa, ƙarfen ya ce ƙyas. Jin wannan ƙara, sai yatsu su saki. Ba ƙarfin damtse ke yin aikin ba, naman baya ne tsakanin kafaɗu. In maharbi ya tsorata, bayan nan sai ya ƙage, kibiya ta ƙi ƙarasa ɗan abin da ya rage, ƙarfen ya ƙi yin ƙara, daƙiƙu na tafiya, hannu ya fara rawa. Akwai ma wata larura da maharba suka sani ƙwarai, inda mutum ke kasa tsayar da saitinsa a kan rawayar tsakiya, ko ya saki tun bai shirya ba. Ta kori gwanaye da dama daga wasan. Ka ga kenan duk abin da ke cikin zuciyar yaro, allon zai nuna shi.

Wannan shi ne abin da nake son iyaye su riƙe. A yawancin lamuran yaro akwai wanda za a ɗora wa laifi. A ƙwallo, ai wane ne bai ba ni ba. A jarrabawa, ai malam ne ba ya so na. A harbi kai kaɗai ne a kan layi. Bayan an busa usur sau uku, da ƙafarka za ka taka zuwa allo, ka tsaya tare da abokan hamayyarka, ka faɗi makin kibanka da bakinka a rubuta, su ma suna gani. Bakwai bakwai ce. Yaron da yake yin wannan tattaki kullum, shekara da shekaru, yana koyon duban kuskurensa ba tare da ya ɓoye ba kuma ba tare da ya karaya ba. Sai dai ba ya koyon haka shi kaɗai. Dole akwai babba a gefensa da zai ce masa, kibiyar nan ta tafi, bar ta, gyara kafaɗarka ka ɗauko ta gaba. In babu wannan babban, gaskiyar allo tana iya karya yaro maimakon ta gina shi.

Kim Je-deok ya kama abin da hannu biyu. Yana aji shida, a 2016, wani shirin talabijin na ƙasarsu da ke zaƙulo yara masu baiwa ya haɗa shi da wata maharbiya 'yar ƙasar Sin, ɗalibar sakandare da ta girme shi. Suka yi kunnen doki, aka koma kibiya ɗaiɗai, ya ci. Mutane suka fara sanin sunansa. Masu horar da shi sun sha faɗin halinsa: in harbi bai yi masa yadda yake so ba, ba ya barin fili. Ɗaruruwan kibau a rana, har dare.

Halin nan shi ya ɗaga shi, shi kuma ya kusa kayar da shi. Jikin ɗan shekara goma sha biyar bai gama ƙosawa ba, ga shi yana jan nauyi ɗaya ta gefe ɗaya ba hutu. Da aka fara tace waɗanda za su wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta Tokyo, kafaɗarsa ta ƙi. Dole ya janye. Malamai masu saurare na, a nan ina da magana. Muna yawan yabon yaro mai naci, muna nuna shi ga sauran a ce ku yi koyi da wane. Amma yaro mai naci shi ne wanda ya fi bukatar a ce masa ya isa haka, je ka huta. Malalaci jikinsa na kare shi. Mai naci ba abin da ke kare shi sai babban da ke kansa. Wanda ya bar yaro ya ji wa kansa ciwo da sunan ƙwazo bai yi masa adalci ba.

Sai ga annobar korona, aka ɗage gasar Tokyo daga 2020 zuwa 2021. Hukumar harbi ta Koriya ta yanke cewa za a sake tacewar daga farko, domin su a wurinsu wanda hannunsa ya fi kyau a yanzu shi ne zai je. Kafaɗa ta warke, yaron ya dawo, ya zo na uku cikin maza ukun da aka zaɓa.

Tsarin tacewar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a duba suna, ba a duba zinaren bara, ba a duba ɗan wane ne. Kowace shekara kowa zai dawo layi, a yi ta harbi zagaye bayan zagaye na tsawon watanni, a tara maki. Ku Bon-chan da Chang Hye-jin, waɗanda kowannensu ya ci zinare biyu a Rio a 2016, ba su sami gurbin Tokyo ba. An San, wadda ta ci zinare uku a Tokyo, ba ta sami gurbin Faris a 2024 ba. Matan ƙasar sun ci zinaren ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024, kuma ba na shakkar cewa wannan tsari na cikin manyan dalilai. Akwai kuɗi ma, kamfanin Hyundai na tallafa wa wasan tun 1985. Amma ka yi tunanin abin da yake nufi ga ɗan makaranta a ƙauye ya tabbata a ransa cewa in makinsa ya kai, ba mai iya tare masa hanya. Yaro yana jure wahala in ya yarda ma'aunin na gaskiya ne. In ya gane akwai ƙofar baya, ba ka sake samun dukan ƙarfinsa.

To, Tokyo, watan Yulin 2021. Yana da shekara 17, bai gama sakandare ba tukuna. A zagayen jera gwanaye ana harba kibau 72, mafi girman maki 720. Ya sami 688, ya zo na ɗaya cikin maza 64. Wannan ya ba shi damar shiga gasar namiji da mace, wadda a karon farko kenan aka yi ta a Olamfik, shi da An San. Ranar 24 ga Yuli suka doke Holan a wasan ƙarshe bayan sun faɗi a zubin farko.

Abin da duniya ta fi riƙewa game da shi kuwa ihu ne. Filin babu 'yan kallo saboda annoba, harbi kuma wasa ne na shiru, sai ga yaro yana buɗe baki iyakar ƙarfinsa yana kiran sunan ƙasarsa, yana ƙarfafa abokan harbinsa, har jijiyoyin wuya na tashi. Wasu suka ce jarumta ce, wasu suka ce rashin kunya. Mai horar da shi a makaranta ta bayyana cewa tsoro yake korewa da shi, kuma abin na ba ta tausayi. Wannan bayani ya fi zinaren taɓa ni. Yaron bai yi kamar ba ya jin tsoro ba. Ya san yana ji, ya nemo abin da zai yi da shi, ya nemi yardar manyansa, ya yi. Iyaye, sau nawa muke ganin yaro yana hayaniya mu ce fitsara ce, alhali gabansa ne ke faɗuwa?

Kwana biyu bayan haka aka yi gasar ƙungiyar maza. Abokansa Kim Woo-jin da Oh Jin-hyek, na biyun yana da shekara 39, ya isa ya haife shi. A wasan kusa da na ƙarshe suka yi kunnen doki da Japan mai masaukin baƙi. Aka ce kowane maharbi ya saki kibiya ɗaya. Aka tara, 28 da 28. Doka ta ce a duba kibiyar da ta fi kusa da tsakiyar allo. Ta Kim Je-deok tana santimita 3.3 daga tsakiya, ta Japan tana 5.7. Tazarar da ba ta kai gaɓar yatsa ba ce ta wuce da su, suka je suka doke Taiwan suka ɗauki zinare.

Kashegari ya fito gasar mutum ɗaya, ba An San, ba manyan yayye a bayansa. A wannan gasa an riƙa nuna bugun zuciyar maharba a talabijin. Na Kim Woo-jin, wanda ya daɗe a fagen, yakan sauka har ƙasa da 80 a minti. Na yaron ya haura 160. Bajamushe Florian Unruh ya fitar da shi tun a zagaye na biyu. Wanda ya zo na ɗaya a jeri, ga zinare biyu a wuya, ya koma gefe yana kallo. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi a labarinsa ba. Ya nuna daidai inda girmansa ya kai a lokacin: yana iya ɗaukar nauyin wasu, bai gama iya ɗaukar nasa ba. Kuma haka yawancin matasa suke.

Ya gama sakandare, ya shiga ƙungiyar gundumarsu ta Yecheon, ya sake bin layin tacewa, ya sami zuwa Faris a 2024 yana ɗan shekara 20. Ihun na nan, har alƙalin wasa ya ja masa kunne a karawarsu da Japan. Amma a wasa na gaba, da Sin, ya ja tsarkiya sai ƙudan zuma ya sauka a hannunsa. Bai sauke baka ba, bai girgiza ba, ya saki, goma. Suka doke Faransa a gidanta suka riƙe zinarensu. A gasar mutum ɗaya ya kai zagayen takwas na ƙarshe, Ba'amurke Brady Ellison ya tsayar da shi. A 2025 kuwa, a gasar duniya da aka yi a birnin Gwangju, ya hau dandamali shi kaɗai da lambar tagulla. Shekara goma sha biyu kenan daga ranar da ya ɗaga hannu a aji.

Kada a ce na zo tallar Koriya. Tsarin nasu yana da tsada, kuma yara ne ke biya. Cikin ɗimbin yaran da ke fara harbi a firamare, maza uku da mata uku kaɗai ke zuwa Olamfik. Su kansu Koriyawa sun daɗe suna muhawara kan ɗaliban wasanni da ake cirewa daga aji saboda horo, har su girma ba boko ba lamba. A ganina, in an auna amfanin wasan makaranta da zinare, to an yi asarar kusan kowa. Yarinyar da ta yi harbi shekara huɗu ta bari, ta tafi da tsayuwarta da haƙurinta da sabon faɗin gaskiyar makinta, ita ma an ci riba a kanta, da sharaɗin ba a raba ta da littafinta ba.

Akwai wani mutum a gasar Faris da ya sa labarin nan ya matso kusa da mu. Israel Madaye, ɗan ƙasar Chadi, maƙwabcinmu. A zagayen farko aka haɗa shi da Kim Woo-jin, wanda ya tashi daga wannan gasa da zinare uku. Madaye yana da shekara 36, bai taɓa baka ba sai da ya kusa ashirin, ba ƙungiyar makaranta, ba wadatattun kayan aiki, yawancin abin da ya iya shi ya koya wa kansa. Ya sha kaye, har wata kibiyarsa ta faɗa a da'irar maki ɗaya, abin da ba a saba gani ba a wannan mataki. Da Koriyawa suka ji tarihinsa, sai suka yi ta aika masa saƙonnin girmamawa. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, kuma mutumin da ya kai kansa Olamfik ta wannan hanya ya wuce a yi masa dariya. Abin da ya raba shi da abokin karawarsa ba zuciya ba ce. Ɗaya ya sami malami yana ɗan firamare, ɗaya bai samu ba.

Mu kuwa baka ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi yaƙi da shi, maharbanmu na riƙe da shi har gobe, malamanmu na ambaton harbi cikin abubuwan da ake so a koya wa yara, kuma da wuya ka sami wanda ya tashi a karkara bai taɓa lanƙwasa itace ya ɗaura masa igiya ba. Abin da ba mu yi ba shi ne shigar da shi makaranta a ƙarƙashin doka. Shugaban makarantar da ke da sha'awa, matakin farko bai fi ƙarfinsa ba, tunda tsayuwa da roba da madubi ne. Amma ina roƙo da babbar murya: kada wani yaro ya ji wannan shiri ya je ya feƙe kara ya nufi ɗan'uwansa. Kibiyar wasa ma tana tsiyayar da ido. Ba a harbi sai da babba wanda ya san aikin, a fili mai shinge, bayan allo ba hanya ba gida ba dabba, kowa a bayan layi ɗaya, kuma ba mai taka gaba sai an busa usur.

Nan za mu dakata a yau.